Gonzo, Wanzamin Janar Tonomura

Nabeta Gonzo ɗan masunta ne daga wani ƙauye kusa da Sendai, amma da ya taka kwale-kwale sai amai. Da ubansa ya gaji, ya kai shi koyon aski.

Da aka ɗauke shi soja, rashin iya harbinsa ya sa aka karɓe bindigar aka mayar masa da askarsa. Wata safiya Kanar Tonomura, wanda ko kyaftin ba ya iya haɗa ido da shi, ya zauna a kujerarsa ya yi gyangyaɗi. Atishawa ta kubce wa Gonzo, rabin gashin bakin Kanar ya faɗo ƙasa. Ya rage ɗaya gefen don su daidaita, ya tsaya jiran mutuwa. A makon nan aka yi wa Kanar ƙarin girma zuwa Janar, shi kuwa ya rantse sa'ar sabon gashin bakin ce. Haka Gonzo ya bi shi Manchuria, ya bi shi Burma, shekara goma sha ɗaya.

Da ƙasarsu ta sha kaye a yaƙi, aka ɗaure Janar shekara shida. Gonzo ya dawo Sendai da ta ƙone, ya tsinci kujerar likitan haƙori a kango, ya buɗe shago, ya auri Oshige mai sayar da awara.

Ran nan sai ga tsoho da yagaggiyar kwat a bakin ƙofa. Gonzo ya gane Janar ne, ya ƙame ya sara masa, da kumfa a hannu.

"Sauke hannunka," in ji Janar. "Aiki nake nema."

Oshige ce ta leƙo ta miƙa wa tsohon tsintsiya. "Baba, ka iya shara dai ko?"

Ya iya. Ya kuma jera masu jiran aski bisa tsawo, yana duba bayan kunnuwansu, yana tura masu datti gida su wanko. Mutane suka riƙa zuwa don kawai a daka musu tsawa, su fita suna dariya. Gonzo kuwa ko tawul zai nema sai ya ce, "Ranka ya daɗe, in ba damuwa."

Janar bai taɓa zancen yaƙi ba. Ranar Litinin, da ba a buɗe shago, yakan wuni rubuta wasiƙu ga iyayen sojojinsa da ba su dawo ba.

Shekara tara suka yi tare. A bikin 'yar Gonzo, agolar da Oshige ta zo da ita, Janar ya sha giyar shinkafa ya miƙe zai yi jawabi, sai ya ɓige da rawa, har takalminsa ɗaya ya tashi ya faɗa tukunyar miya.