Ranar da Tanti Senami Ta Zauna a Kan Ɓarawo

Duk wanda ke kunna rediyo da safe a Kwatano ya san muryar Tanti Senami, ko da bai taɓa ganin fuskarta ba. Ni kuwa na san duka biyun. Shagon ɗinkina a unguwar Akpakpa yana kallon teburinta, kuma tun gashin kaina yana baƙi nake cin akasarta, tuwon ƙullun masara, da soyayyen kifi.

Ɗiyar masunta ce daga wani ƙauye a bakin tafki. Ta tashi tana jan taru tare da yayyenta maza, shi ya sa damtsenta ya fi cinyar wasu mazan kauri. Ta shigo birni da kasko ɗaya da daro ɗaya, ta kafa tebur a bakin titi, ta auri Fofo Gbenukpo, wani siririn ma'aikacin tashar jirgin ruwa da ya yi kokawar judo a samartakarsa. Fofo mutum ne da sai ya yini bai ce uffan ba. Mutanen unguwa suna cewa baki ɗaya Allah ya ba su su raba, ita ta kwashe duka.

Akwai shirin ƙorafi da ake yi kullum da safe, inda kowa zai buga waya ya amayar da abin da ke cinsa. Tanti ta mai da shirin gonar ubanta. Tana juya kifi da hannun dama, waya a hannun hagu, sai ka ji ta a titi kuma ka ji ta a rediyon shagona lokaci guda.

"Mahunyon, ɗana, ka tashi lafiya?" Haka take fara wa mai gabatar da shirin.

"Lafiya lau, Tanti. Yau wa za a yanka?"

"Masu wayar nan! Jiya na ce wa ƙanwata gwiwata na ciwo. Ban gaya wa kowa ba sai ita. Da na buɗe waya sai ga tallar man zafi. To wa ya gaya musu? Ko kishiya ba ta kai labari da sauri haka. Mayu ne, Mahunyon, mayu masu digiri!"

Idan ba kamfanonin waya take sara ba, to gwamnati ce. Ra'ayinta a kan gwamnati gajere ne: ta gyara kwata, ta kunna fitilar titi, ta cire hannunta daga kaskon mutane. Batun tsaro kuwa, cewa take kowa ya kare kansa. "Kafin hukuma ta ɗaura takalmi an gama da kai. Mace ta koyi kayar da namiji. Duk ɓarawon da ya shigo hannuna, sai uwarsa ta kasa gane shi." Tana faɗa tana girgiza ludayi, mu kuma muna tafa mata daga tsallaken titi.

Wata rana wata yarinya mai hular kamfani ta tsaya a teburinta. Daga wani sabon kamfanin kai abinci gida take, tana son a sa kifin Tanti a cikin wayar mutane.

"Kifina a cikin waya? Wa zai ji ƙamshinsa?"

"Hotonsa za su gani, Tanti. Su danna, mai babur ya zo ya ɗauka."

"Ke da iyayen gidanki ku je ku ci hoto."

Amma Fifame, ɗiyarta ta fari, ta yi ta lallashinta har ta yarda. Ba a daɗe ba 'yan zem, masu baburan haya masu rawayar riga, suka fara yin layi a gaban teburin da akwatuna a baya. Kifi yana ƙarewa tun rana ba ta take ba. Tanti ta kawo mini yadi uku a tare in ɗinka mata, ta kuma gargaɗe ni.

"Tela, ban canza ra'ayi ba fa. Mayu ne. Amma mayen da ke kawo ciniki a bar shi ya zauna a kan benci."

Fifame ce ta nuna mata taurari. Duk wanda ya ci abincin yana ba shi taurari, daga ɗaya zuwa biyar. Tanti ta kamu da abin kamar mai shan taba. Kullum da yamma sai ta sa Fifame ta karanta mata. Biyar, ta yi rawa. Biyar, ta yi guɗa. Huɗu, ta yi tsaki ta ce mai mura ne. Sai ran nan aka zo kan wani da ya ba da biyu, bai sa suna ba, ya rubuta kalma huɗu kacal: barkono ya yi yawa.

Na ji ihun tun daga kan keken ɗinki har na soke yatsa.

"Biyu? Ni? Fifame, buga wa kamfanin su ba ni sunansa!"

"Mama, ba sa bayarwa. Sirri ne."

"Sirri! Sun san ciwon gwiwata, amma sunan munafuki ɗaya ya zama sirri?"

Washegari ta riga kowa shiga layin rediyo. Ta fito har bakin kwalta don muryarta ta fita sosai, ta bar kifi yana ƙonewa.

"Mahunyon, yau babu gaisuwa. Wanda ya ba ni taurari biyu, in ya haifu cikin uwarsa da ubansa, ya zo Akpakpa ya maimaita a gabana. Kamfanin da ke ɓoye matsorata kuma..."

Ba ta ƙarasa ba. Wasu samari biyu a kan babur suka shararo, na bayan ya miƙa hannu ya fizge wayar, suka yi gaba. Tanti ta tsaya da hannu a kunne, babu komai a ciki.

Abin da ɓarayin ba su sani ba shi ne, kiran bai yanke ba. Wanda ya fizga ya cusa wayar a aljihun rigarsa haka nan. Sai ga muryarsa tar a rediyon shagona, da rediyon mai shayi, da na kowace tashar 'yan zem a garin.

"Ja mu je! Ja mu je! Ƙatuwar nan ta biyo mu?"

"Ina za ta iya? Ko mota sai ta yi nishi da ita."

"Kar ka bi sabuwar gada, akwai 'yan sanda. Bi tsohuwar gada."

Mahunyon, Allah ya yi masa albarka, bai katse ba. Cikin raɗa ya ce, "Jama'a, kun ji dai. Tsohuwar gada."

Tanti ta juyo ta kalli rediyona. "Ƙatuwa? Ni ce ƙatuwa?" Ta tattare zani, ta haye bayan wani ɗan zem da ke jiran kifi, babur ɗin ya durƙusa kamar raƙumi. Ni ma na bar almakashi na tare wani. Fofo Gbenukpo, da ke zaune yana ɓare gyaɗa, ya tashi a hankali ya sauke kaskon daga wuta, sannan ya biyo mu.

Ban taɓa ganin rawayar riga da yawa haka ba. Ta kowane lungu 'yan zem ke ɓullowa suna hon, wasu da fasinja a baya suna ihu a sauke su, wasu fasinjojin kuma suna cewa a ƙara wuta. Kafin mu isa bakin gadar an toshe ta gaba da baya. Mai tuƙin ya yar da babur ya tsallake ta cikin masu talla ya ɓace. Na bayan ne aka damƙe, wani dogo mai kama da sandar rake, wayar tana cikin aljihunsa tana watsa kukansa ga duk garin.

Da muka kutsa, wasa ya riga ya fara ƙarewa. An fasa masa leɓe. Wani ya ɗago dutse, wani yana cewa a kawo taya. Aka buɗe wa Tanti hanya ana ihu, "Ga ta nan! Tanti, naki ne! Yi masa yadda kike faɗa a rediyo!"

Ta tsaya a kansa tana haki. Saurayin ya ɗago ido ya ce, "Mama, don Allah." Ta dube shi, ta dubi mai dutsen. Sai ta kama wuyan rigarsa ta miƙar da shi, ta yi masa wata ƙafar judo da Fofo ya koya mata tun suna amarci, ya faɗi rub da ciki, ta juya ta zauna a kansa daram. Ta baza zaninta ta rufe shi, kai da ƙafafu kawai ake gani.

"To, duk mai son dukansa sai ya fara ɗaga ni."

Ta ɗaga kai ta nuna mai dutsen da yatsa.

"Kai mai dutse, wayarka aka sata? Ajiye shi kafin in tashi. Kai kuma mai neman taya, uwarka ta san inda kake?"

Wani daga cikin taron ya ce, "Haba Tanti, ba ke kika ce kowa ya kare kansa ba?"

"Na faɗa! Ga shi na kare kaina, na kayar da shi, ina zaune a kansa. Saura aikin gwamnati. Don me nake biyan haraji a kasuwa? A kira min gwamnati ta zo ta ɗauki kayanta!"

Ta laluba ƙarƙashinta ta zaro wayar daga aljihunsa. "Mahunyon, kana nan?"

"Ina nan, Tanti," in ji shi, yana ƙoƙarin danne dariya.

"Gaya wa hukuma ina tsohuwar gada, ina riƙe mata ajiya. Ta yi sauri, yaron ba shi da nama, ƙasusuwansa na sukata."

Daga ƙarƙashin zani aka ji wata siririyar murya: "Mama, numfashi."

"Yi shiru. Ɗazu ba ƙatuwa ka ce ba? To ka ɗanɗana."

Nan taron ya fashe. Mai dutse ya yar da dutsensa ya riƙe ciki. Wata mai lemo ta ɓare ɗaya ta miƙa wa Tanti, wani ya riƙe mata lema. Fofo ya iso, ya tsuguna ya duba ko saurayin na numfashi da kyau, ya ce wa matarsa, "Matsa hagu kaɗan." Ita ce maganarsa ta farko a ranar. Da 'yan sanda suka zo, sai da mutum biyu suka kama hannunta ta miƙe, saurayin kuwa da gudu ya shige motarsu da kansa.

Bayan wannan, matan unguwa suka dame ta sai an koya musu ƙafar da ta yi. Aka share filin bayan shagona, aka shimfiɗa tsofaffin katifu, Fofo ya zama malami. Ni na ɗinka musu fararen riguna masu ɗamara. Masu kifi, masu kitso, har da wata tsohuwar ungozoma, duk ranar Lahadi da yamma suna ta kayar da juna suna shewa. Fofo ya sake, har ya fara magana da jimla cikakkiya.

Wataƙila sakewar ce ta ja shi. Wata Lahadi, yana riƙe da hannun Tanti zai nuna wa mata yadda ake juya mutum, sai ya ce, "Senami, ni ne."

"Kai ne me?"

"Mai taurari biyun. Wayar maƙwabci na ara na yi oda. Barkonon yana yi mini yawa. Tun aurenmu yake yi mini yawa."

Ba mu ga yadda aka yi ba. Mun dai ga ƙafafun Fofo a sama, sannan muka ji katifa ta ce tim. Yana kwance yana kallon sama ya ɗaga yatsa ya ce wa ɗaliban, "Kun gani? Haka ake yi. Daga ƙugu." Tanti ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu, tana son yin fushi, dariya ta ƙwace mata har ta zauna a ƙasa tana share hawaye. "Shekara da shekaru kana cin wuta ka yi shiru, sai da mayu suka ba ka baki!" Tun daga ranar take ware masa miyarsa a ƙaramar tukunya, tana kiranta miyar marasa lafiya.

Da zaɓen kansiloli ya matso, dattawan unguwa suka zo teburinta da rakiyar 'yan zem, suka roƙe ta ta tsaya takara. Suka ce ko hoton takara ba sai an buga ba, kowa ya santa. Ta saurare su har ƙarshe, ta zuba wa kowa akasa da kifi, ta ce su ci tukuna. Da suka cinye ta goge hannu a zani.

"Na gode, iyayena. Amma ku yi tunani. In na shiga gwamnati, kwata ta toshe, wa zan kira in zaga da safe? Kaina?"

Suka yi ta magiya, ta ƙi. A ƙarshe ta nuna musu ungozomar nan, ta ce ita ta karɓi haihuwar rabin unguwa, babu wanda zai iya yi mata ƙarya. Ungozoma ta tsaya, ta kuma ci. Ranar da aka rantsar da ita Tanti ta yi rawa har ɗankwalinta ya faɗi cikin kwata, ta tsamo shi da sanda, ta ɗaga shi sama yana ɗiga, ta ƙwala wa sabuwar kansila kira a tsakiyar taro: "Ranki ya daɗe, ga aikinki na farko!"