Ƙasar da Inna ta aiko wa Baba Haruna

A watan nan Baba Haruna ya cika shekara bakwai da rasuwa. A nan Sabha aka binne shi, nesa da Tasawa inda aka haife shi. Sayen kayan gyara ne ya dawo da ni garin, sai na bi ta unguwar Tayuri in ga rumfar kwanon da yake aiki a ciki, na tarar an mayar da ita wurin cajin waya. Na daɗe a tsaye, har mai wurin ya tambaye ni ko ɓatan kai na yi.

Baba Haruna ba ɗan'uwana ba ne. Makanike ne, tsoho mai faɗan tsiya, yana tattaro ƙananan injinan noma da masu gonakin Sabha suka gaji da su, ya gyara, ya sayar wa irinmu ƴan Nijar masu shirin komawa gida. A lokacin na yi shekara uku ina ban ruwa a gonar wani Balarabe, zuciyata kuma ta rabu biyu. Abokan ɗakina su huɗu sun gama shirin wucewa arewa su hau teku, ni suke jira. A gida kuwa Inna ce kaɗai da gonar da mahaifina ya bari, ƙarfinta ya ƙare, kowace damina ciyawa ke cinye rabin gonar. Na ce wa kaina, in na samu injin da zai riƙe ni a gida zan koma, in ban samu ba sai teku.

Na je rumfarsa na nuna wata jar tarakta ta hannu mai babbar garma, irin wadda nake gani tana keta ƙasa a gonar maigidana. Ko kallonta bai yi ba.

"Ina ƙasar?" ya ce.

"Wace ƙasa, Baba?"

"Ta gonakku mana! Ni ba ni saida inji ga ƙasad da hannuna bai taɓa ba. Aika gida a ɗebo maka."

Ashe haka yake yi wa kowa, ni ne kawai ban sani ba. Na fita ina ƙunƙuni cewa tsohon nan ya cika iyayi, amma dai na kira gida. Bayan kusan wata guda wani direba da ya taso daga Agadas ya miƙo min gwangwanin madara, an ɗaure bakinsa da tsumma.

Baba ya zazzage ƙasar a tafin hannu, baƙa wuluk. Ya yayyafa mata ruwa, ya dunƙula, ya kai hanci, sai ya fashe da dariya har da tari. "Wagga ai ƙasat turken awaki ta, ɗana. Tsohuwarka kunya ta ji a ga gonatta a garin mutane." Gaskiya ya faɗa. Da na kira Inna, cewa ta yi yaya za ta aika wa dattijo rairayi kamar wadda ba ta da komai? Mai kyau ta zaɓo masa, yadda ake shimfiɗa wa baƙo sabuwar tabarma.

Kafin a sake aikowa wani watan ya tafi, a cikinsa ne abokan ɗakina suka gaji da jira suka wuce. Na ji haushin Baba ba kaɗan ba, don gani nake ya hana ni tafiya, injin ma bai ba ni ba. Gwangwani na biyu ya iso da ainihin ƙasarmu, farar jigawa da ta ƙi dunƙuluwa ko da ruwa. Ya ce in jar taraktar nan ta shiga wannan, birkito ta za ta yi, iskar farkon damina ta kwashe ɗan albarkar da ke sama, shekara biyu in wayi gari gona ta koma fako. Ya ja ni bayan rumfa ya nuna min wani ƙaramin inji mummuna mai gajerun haƙora, wanda ke sosa ƙasa sama-sama yana kashe ciyawa. Sai da na kwance shi na ɗaura sau uku a gabansa kafin ya bari na tafi da shi.

Yau kasuwar ta buɗe yadda bai taɓa gani ba. Shaguna a unguwar Hajara cike suke da sababbin injina ƙanana, a garinmu ma dillalai har gida suke bin manomi suna nuna masa hoto a waya. Na san da zai yi murna ya ga mai ƴar ƙaramar gona ya zama wanda ake zawarci, don burinsa ke nan. Na kuma san da zai yi faɗa, don ba mai tambayar ƙasa. A ƙauyukan da nake zagayawa noman haya ina ganin injina jingine a gindin bishiyar bedi, kaji na hutawa a kansu. Lafiyarsu ƙalau, gonar ce ba irin tasu ba.

Bai bar gida ba, bai bar iyali ba, kuma ban gode masa yadda ya kamata ba, don ranar da na yi masa sallama da sauran haushi a raina. Wannan yana damuna har yau. Cikin abokan nan huɗu, biyu sun tsallaka, biyu har yanzu iyayensu tambaya suke yi. Ni kuwa na samu damina biyar tare da Inna, tana zaune a inuwar gawo tana min tsiya wai na tsallake ciyawa a gefen can. Da ta rasu, ni na shiga kabari na karɓe ta da hannuna. Shi da ya zama sanadin hakan, ƴan aikin gini ne da ba su ma san sunan garinsu ba suka karɓe shi.

Allah Ya jiƙan ka, Baba Haruna. Na gode.