Rediyo Biyu a Shagon Kawu

Kawuna mai aski ne, kuma in ana gardamar siyasa ba a fi shi ban haushi ba. Rediyo biyu gare shi a shago: ɗaya kan kantar almakashi, tana kama tashar gwamnati, ɗaya gefen madubi, tana kama ta 'yan adawa. In wannan ta gama labarai sai ya kashe ya kunna waccan. Ka tambayi ra'ayinsa, sai ya karkaɗe tawul ya ce, "Ban gama ji ba tukuna." Ni kaina na sha jin kamar in fizge tawul ɗin.

Tun da matarsa ta rasu abokin hirarsa ɗaya ne, wani tsohon direba da suka taso tare. Kullum Direba na kan bencin shagon, da aski ko babu, yana tsokanar Kawu wai kowane kunnensa da jam'iyyarsa.

Sai aka fara rigimar mayar da tashar mota bayan gari, unguwa ta rabu biyu. Wata rana Direba ya faɗo shago da waya a hannu, ya kunna wata murya da aka ce ta wani babban jami'i ce, yana alfahari ya riga ya sayar wa surukinsa filin tashar.

"To, ka ji da kunnenka," in ji Direba.

"Na ji murya. Wa ya ɗauka? A ina?"

"Kowa na da ita a waya!"

"Kowa daga wa ya samu?"

Direba ya miƙe. "Ana neman raba mutane da abincinsu, kai kana tambayar wa ya ɗauka? Ka zauna da rediyoyinka."

Benci ya zauna ba kowa. Masu son a tashi tasha suka ce Kawu ɗan adawa ne, masu ƙi suka ce an saye shi. Na sha wucewa in hango shi yana share ƙasar da babu gashi, raina ya yi ta ɓaci, ban san da wa nake fushi ba. Shi kuwa bai fasa ba. Ya taka har sabon filin, ya ga nisansa, ya ga ba ruwa ba inuwa. Ya saurari masu dako da masu shaguna. Ya kuma gano muryar nan tsohuwa ce, an taɓa yawo da ita a wata rigimar da sunan wani mutum daban.

Ran da ya gama ji, ya sa rigarsa mai kyau, na raka shi gidan Direba.

"Na zo in gaya maka kai ke da gaskiya. Bai kamata a tashi tashar ba."

Fuskar Direba ta saki. "Ka yarda da muryar ke nan?"

Na tsunkuli hannun Kawu. "E" kawai zai ce, ya samu abokinsa.

"A'a. Muryar ƙarya ce."

Direba ya juya ya shige gida. Muka kamo hanya har ƙofar shago.

"Ka ga ƙeyarsa?" in ji Kawu, yana laluben makulli. "Wanda ya yi masa askin bai daidaita ba."