Zayyanar Allon Autata

A gidanmu na Ƙofar Kaura, duk wanda ya sauke Alƙur'ani Baba ne ke yi masa zayyanar allo. Zai zana ta a farar takarda da tawada baƙa da ja da ruwan ɗorawa, a manna a jikin allon, ranar walima mai sauka ya rungume abinsa ya yi karatu. Ya yi wa yayyena, ya yi mini, ya yi wa jikoki. Amma lokacin da aka sa ranar saukar autata, hannunsa na dama ya riga ya fara rawa. Sau uku yana tsoma alƙalamin kara a kurtu, sau uku tawada tana ɗiga ta ɓata takarda. Ya ture kayan gefe ya ce a kai wa wani.

Ni kuwa kowa ya san ba ni da haƙuri. Na ce babu wanin da za a kai wa. Yarinyar tun tana izu goma take faɗa wa ƙawayenta cewa kakanta ne zai yi mata allo, kuma ba ni zan je in ce mata ita kaɗai ta makara ba.

Sana'ata zanen aikin wuyan riga. Ina zanawa a kwamfutar hannu, shafaffiyar nan mai kama da allo, masu keken surfani su mayar da shi zare. Alƙalaminta ba ya ɗiga, in layi ya karkace a goge a sake, ana kuma buɗa zanen da yatsu biyu har ɗigo ya kai girman goro. Na kai wa Baba ita tare da alƙalamin da nake aiki da shi, wani kakkaura da ke yin rabin yini kwance a kan faifansa yana shan caji, sannan ya yi kwanaki bai nemi ƙari ba. Baba ya jinjina shi a hannu.

"Wanga ai taɓarya ce, ɗiyata. Da mi zan ɗaga ta?"

Layi biyu ya ja, hannun ya gaji. Na koma na ɗauko wani siririn alƙalami da na jefar a durowa don haushi. Shi ba shi da nauyi ko kaɗan, mannewa yake a gefen kwamfutar kamar mayen ƙarfe, kafin ka sha ruwa ya samu abin da zai yi aiki. Sai dai ana cikin zane zai ɗauke. Na kai shi wurin mai gyaran waya a bakin titi, na ce ya sa masa batir babba, amma kada ya ƙara nauyi, kada kuma ya rage saurin cika. Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Hajiya, duka ukun kike so? Abin da ke cikinshi bai kai ƙwayar wake ba. Kuma babu wayar caji, ta jikin kwamfutar yake tsotsar wuta, in an matsa mishi zahi zai yi. Ƙaramin ciki ne, saurin ƙoshi, saurin yunwa. In mai daɗewa kike so, ki haƙura da nauyi da jira."

Na fito ina mita. Da na koma gida na yi wa Baba bayani yadda zai gane. Na ce gefen kwamfutar nan shi ne kurtu, in alƙalami ya bushe sai a tsoma shi. Nan take ya gane, ya ma ji daɗi. Ya ce dama alƙalamin da ya kwashi tawada da yawa shi ke ɓata aiki.

Sai dai kullum na zo da safe in tarar alƙalamin ya mutu murus, kuma ba ya wurin da na bar shi. Rana ta uku na bincika, na same shi naɗe a tsumma cikin gafaka, tsakiyar alƙaluman kara. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, Allah ya yafe mini. Na ce kwana nawa suka rage, shi kuma yana ɓoye abu a tsumma! Baba ya bari na gama tsaf.

"Ke kika ce kurtu ne. Ba a barin alƙalami ya kwana cikin kurtu, bakinshi lalacewa yake. Shekara sittin ban taɓa yi ba."

Kunya ta rufe ni. Na yi ta bayani cewa wannan ba kara ba ne, ya yi ta gyaɗa kai, washegari na sake samunsa a tsumma. Daga nan na sallama. Da na shigo sai in warware shi in manna, in durƙusa mu gaisa. An tashi lafiya, ya ƙarfin jiki, ya maigidan, ya yara, ya mutanen Batagarawa da suka zo jiya. Ni da nake gaisuwa a tsaitsaye ina duba waya, sai ga ni ina jan ta da gangan. Kafin mu kai ƙarshe alƙalami ya farfaɗo.

Ya yi zane har abin ya ɗauke, kusan daidai lokacin da hannunsa ma ke neman hutu. A tsoma, mu zauna. A wannan zaman yake nuna mini inda igiyar zane ke shiga ƙarƙashin 'yar'uwarta da inda take fitowa, da dalilin da ja ba ya taɓa ja. Ban taɓa zama da mahaifina haka ba, kuma na so shi a makonnin nan fiye da yadda zan iya faɗa.

Saura kwana biyu walima, tsakiya ta kammala, kusurwa uku sun kammala. Da safen nan hannun ya ƙi sam. Alƙalami cike, yatsu sun kasa riƙe shi. Na ce kada ya damu, kwamfutar tana iya kwafo kusurwa ɗaya ta juya ta ta ajiye a gurbin da ya rage. Bai ko kalle ni ba, ya miƙo mini alƙalamin.

"Baba, ban iya ba."

"Sati ukku kina zaune kina kallo. Tahi da shi."

Sau huɗu na tsoma kafin in gama. Igiya ɗaya ta ɗan karkace, na kai yatsa zan goge, ya riƙe mini wuyan hannu. Haka aka buga ta a takarda, haka aka manna.

Ranar walima, bayan an shafa addu'a, autata ta zo ta durƙusa gabansa da allon. Ta bi zanen da yatsa har ta kai kusurwar ƙarshe, ta tsaya.

"Kaka, nan hannunka ya yi rawa ko?"

"A'a," in ji Baba. "Nan na uwarki ne ya yi rawa. Na hwarko kowa haka yake."