Zaren da Kaka Ta Ajiye a Ƙarƙashin Gado

Har yau a gidanmu cewa ake yara ne suka ɓata wa Kaka kaya, wasu kuma su ce rikicin tsufa ne ya sa ta rage magana. Duk ba haka ba ne. Ni ce. Ni na jawo ƙwaryar daga ƙarƙashin gadonta, ni kuma na miƙa musu reza.

Yaran 'ya'yan yayana ne, mata biyu, dukansu masu sikila. Sati ɗaya a makaranta, sati biyu a kwance. Da abin ya ishe shi sai ya cire su, ya ce tunda na gama sakandare ina zaune, in riƙa koya musu a gida. Shi yana aiki a kamfanin fata a Challawa, mu muna nan Sharaɗa, a tsohon gidan da kamfanoni suka zagaye.

Muka zo darasin zamanin Turawa. Littafin bai san komai ba sai sunayen gwamnoni. Babbar ta yi hamma ta ce, "Anti, su mutanen me suke ci? Me suke sawa?" Na ce mu rufe littafin. Muka daka gero a turmi, muka ɓare gyaɗa da hannu har yatsunmu suka yi ja. Saura tufafi. Na kuwa san Kaka ta yi kaɗi tun tana yarinya.

Na same ta tana ɗaura mayafi, za ta gaisuwar rasuwa unguwar Dakata.

"Kaka, ina kayan kaɗinki?"

"Me za ki yi da su, uwar gaggawa?"

"Yara zan nuna wa."

"Bari in dawo."

"Ke da in kin fita sai an nemo ki."

"To ki jira a nemo ni. Jirgi ne zai tashi ya bar ki?"

Ban jira ba. A cikin ƙwaryar akwai mazari, da guntun alli, da dunƙulen zare masu yawa ƙunshe a tsohon zane. Sun dafe don tsufa, sai na ɗauka tarkace ne irin wanda tsofaffi ba sa iya zubarwa. Na buga ƙusoshi a jikin katako, na nuna wa yaran yadda ake saƙa. Muka yayyanka zaren. Ƙaramar ta ce fari ba ya kyau, na aika aka sayo galura ja da kore. Rabon da in ji dariyarsu haka tun kafin kwanciyarsu asibiti ta ƙarshe. Har yaba wa kaina nake.

Bayan la'asar Kaka ta shigo, ta ga abin rataye a igiyar shanya yana ɗiga. Ba ta yi faɗa ba. Da ma ta yi. Zama ta yi a kan turmi, ko mayafi ba ta cire ba.

"Na likkafanina ne," ta ce.

Bakina da ba ya shiru ya ce, "Haba Kaka, farin yadi ya ƙare a kasuwa ne?"

Ta dube ni, sannan ta nuna katangar kamfanin robobi da ke bayan gidanmu, inda tireloli ke kwana. Ta ce nan ce gonar babanta. Zaren na audugar ƙarshe ne da suka tsinka kafin a zo a kafa turaku. Ita da mahaifiyarta suka gurje ta, suka kaɗa. Rabi aka saƙa aka rufe mahaifiyar da shi, rabi nata.

"Zamanin Turawan da kike koya musu, yadin kanti ya zo, mun gan shi. Amma matan gidanmu da zaren hannunsu ake rufe su. Masaƙi kawai nake nema."

Washegari na jiƙa abin da muka saƙa a ruwan bilic don ya koma fari. Sai ya narke mini a hannu kamar taliya. Dunƙule uku ne suka tsira, ko ɗankwali ba za su yi ba.

Tun ranar ba ta sake ce mini uwar gaggawa ba. Tana amsa gaisuwa, ta ci abinci kaɗan, ta juya fuska bango. Da yayana ya tashi dukan yaran, ita ta hana. Ba ta faɗa masa ni ce ba, ni ma ban faɗa ba, na bar su da laifin.

Yatsunta sun ƙage, ba za ta sake murza mazari ba. Gonar kuma tana ƙarƙashin siminti.

Yau idan yayana ya dawo daga aiki zan gaya masa gaskiya a gaban 'ya'yansa. Sannan in roƙe shi ya sa wani abokin aikinsa ya taho mana da auduga daga ƙauyensu. Ranar da ta zo zan shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakin Kaka, ni da yaran, in sa mata mazarin a tafin hannu, in ɗora hannuna a kai mu murza tare. In ta kore ni, in dawo da safe.