Mutum Ɗaya, Fiffike Ɗaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ranka a filin jirgin sama, Maigida. Rediyo ta ce ƙananan jiragen fasinja biyu sun yi karo a ƙasa, amma kowa ya fito lafiya. Kai ko ambatonka ba a yi ba.

Shekara ashirin da biyu kana ba jirage hannu. Kai ka koya mini riƙon sandunan nan biyu da muke yi wa jirgi alama da su, kana tsokanata wai ina kaɗa su kamar mai korar kaji. Da zazzaɓi ya kayar da ni, rigarka ka shimfiɗa mini a ɗakin hutu. Kullum kana cewa, "In ana tura jirgi baya, mutum ɗaya fiffike ɗaya. Ko sunanka aka kira, kar ka waiwaya."

Ran da abin ya faru, muna shirin tura jirgi baya aka bugo mini waya, matata na naƙuda, jini ya ɓalle. Ka dube ni ka ce, "Wuce, ɗana, ba sai kowa ya sani ba. Zan duba biyun." Na tafi. Kana gefen dama wani jirgi ya gangaro ta hagu, inda ya kamata a ce ina tsaye. Direban motar da ke tura jirgin ya ce ka sheƙo da gudu, sanduna a gicciye alamar a tsaya, kana ihu, ƙarar injin ta haɗiye muryarka. Fiffiken wancan ya yanki wutsiyar namu, ƙarfen ya faɗo maka.

Yanzu masu bincike sun rubuta wai ka bar wurin aikinka. Kai, Maigida! Wallahi abinci ya ƙi shiga. Jaririyar tana nan lafiya, amma na kasa ɗaukarta. Abokan aiki na ce mini in ja bakina, ai ba a korar mamaci daga aiki, ni kuwa ina da iyali. Kuma na ja, kwana tara cur, ina jin kunyar kaina. Gobe zan je in faɗi gaskiya, in sun ga dama su sallame ni.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka raya abin da ya bari.

Mama, mai ɗakinsa, sau uku ina zuwa ƙofar gidanki ina juyawa. Allah Ya ba ki haƙuri, ke da yaran. Mijinki bai yi sakaci ba, gurbina ya je tsarewa. Ki yafe mini, in za ki iya.