Ɓaunar da ta shiga dawarmu a Hawata

Har in koma ga Allah ba zan manta shekarar da ɓauna ta shiga gonar da nake wakilci a kudu da Hawata ba. Kuma in na tuna, ba ɓaunar ce ke fara ba ni haushi ba, kawuna ne.

Lokacin yankan dawa ne, ma'aikata sun cika gona. Wata safiya biyu daga cikinsu suka dawo a guje, ɗaya babu takalmi, suka ce sun yi ido biyu da ɓauna a tsakiyar dawa. Daga dajin gwamnati ta ɓallo. Tun daga ranar babu wanda ya yarda ya sake shiga. Tsuntsaye suka samu banza, mai gona kuma kullum yana kira daga birnin Gadarif. Masu kula da namun daji suka ba ni takardar izinin harbe ta, suka ce in nemo tsohon maharbi da ya san aikin. Nan na tuna da Kawu.

Yayan mahaifiyata ne, ya haura saba'in. Tun yana saurayi yake bin zaki da ɓauna daga bakin kogin Rahad har iyakar Habasha, kafin a hana farauta ya koma sayar da fatu a kasuwa. Yana ɗingishi, tsohon ciwon ƙaho ne a cinyarsa. Na ɗauko shi da bindigarsa ina murna, na ce gobe war haka an gama.

Ranar farko Kawu ya zauna a rumfa yana shan jabana, wato gahawa, yana ba ma'aikata labarin zakin da ya kashe tun kafin a haife ni. Rana ta biyu ya zaga gefen gona, ya tsuguna, ya fasa kashin ɓauna da yatsa ya shinshina, ya watsa ƙasa sama, ya dawo ya ce a ɗora masa jabana.

Na ce, "Kawu, yaushe za ka harbe ta?"

Ya ce, "Ɗana, tana jan ƙafar baya. Ba a bin mai ciwo cikin dawa."

"To yaushe?"

"Sukarin nan ya yi kaɗan."

Rana ta uku ma'aikata goma suka ɗaure kayansu suka nufi gonakin Gadambaliya neman wani aikin. Na sake tambayarsa, ya ce iska ba ta yi ba. Iska! Dawa tana zuba, shi yana lissafin iska. Da ya kishingiɗa bayan azahar, na ce halas, haƙurina ya ƙare, na hau tarakta. A tunanina ƙarar inji kaɗai ta isa ta kore ta. Yanzu in na tuna sai in riƙe baki.

Na yi nisa cikin dawa ina ta danna ham, ban ga komai ba. Ashe ta bar ni na wuce ne. Ta gefe ta fito. Karon da ta fara kaiwa ya fasa tayar gaba, injin ya mutu. Na maƙale a kujera ina salati, ina kallonta tana ja da baya, waya ta tarko ta nutse a ƙafarta, ƙudaje na bi. Ta sunkuyar da kai za ta sake, sai na ji harbi, na sake jin wani. Ta durƙusa dab da tayar.

Kawu ne, ba hula, yana haki. Da ƙafar nan tasa ya biyo sawun tarakta. Bai ko kalle ni ba. Ya zaro wuƙa ya yi bismilla ya yanka ta, sannan ya zauna a ƙasa yana duba wayar tarkon nan da ke ƙafarta.

Can ya ce, "Ka ɓata min aikin kwana uku. Kullum tana matsawa wajen kogi. Gobe da iska ta juya, da hayaƙi kaɗan zan fitar da ita ta koma dajinta. Na kashe irinta da yawa, ban zo don in ƙara ba."

Na ce, "Haba Kawu! Me ya hana ka gaya min?"

Ya ce, "Ka tambaye ni me na gani? Yaushe, yaushe, shi kaɗai ka iya."

Ma'aikata suka ci nama suka koma yankan dawa, ni kuma na yi mako ina neman taya. Kawu bai ɗanɗana ko tsoka ɗaya ba. Amma har ya rasu, babu suna ko ɗaurin auren da bai ba da labarin nan ba, kuma kullum sai ya ƙara cewa ya same ni ina kiran mahaifiyata. Wallahi ban kira ba.

Har yau ina ganin da ya buɗe baki da an huta. Amma na koyi abu guda: in ka kira wanda ya fi ka sanin aiki, ka tambaye shi abin da ya gani kafin ka tambaye shi yaushe zai gama. Gaggawata ce ta kashe ɓaunar nan, Kawu dai ya riƙe bindiga ne.